Ba Kowa Ne Ya Zo Saye Ba: Nasiha ga Matasa Masu Talla a LinkedIn

 'Ya'yana, kukan da nake ji daga bakinku kwanakin nan iri ɗaya ne: an yi wa kamfani rajista, an buɗe masa shafi a LinkedIn, an ƙona data wata da watanni ana ɗora hotunan kaya, amma ko mai taya farashi bai leƙo ba. Wasunku har sun yanke hukunci cewa wurin na 'yan boko ne masu neman aiki, ɗan kasuwa ba shi da abin yi a ciki. Ni a ofishin sayen kaya na masana'anta na tsufa, aikina shi ne in zaɓi wanda za a saya a hannunsa da wanda za a ce wa Allah ya ba da sa'a. Don haka ta ɗaya gefen nake kallon abin. Zan gaya muku yadda tallarku take isa idon mai saye, in kun ga abin ɗauka ku ɗauka.

Ku fara sanin inda kuka sa ƙafa. A watan Mayun 2003 aka buɗe LinkedIn, tun kafin zuwan Facebook, kuma Reid Hoffman da abokansa sun gina shi ne don ma'aikaci ya ajiye tarihin aikinsa, a kuma ga wa ya san wa. A 2016 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 26.2, zuwa ƙarshen 2023 masu rajista suka haura biliyan ɗaya. Kada yawan ya ruɗe ku. Abin lura shi ne kowa a can da sunansa na yanka yake, da sunan wurin aikinsa a jikin hotonsa, kuma ya san shugabansa da abokan gasarsa suna ganin duk abin da ya taɓa. Mutumin da kuka raba dare kuna raha da shi a Facebook, in kun same shi a LinkedIn da safe a bakin aiki yake, ba zai sake muku fuska irin ta daren jiya ba.

Abin da ya fi korar muku jama'a shi ne saƙon farko. Ga yadda yake zuwa mini. Yaro ya aiko da buƙatar ƙulla zumunci, ko kalma ɗaya babu a tare da ita. Na karɓa don na ga ɗan gida ne. Ban gama ajiye waya ba sai ga doguwar wasiƙa da Turanci: mu ne kan gaba a duk Afirka ta Yamma wajen fitar da riɗi, zoɓo, citta, ƙaro, gyaɗa, kashu, gawayi, fata da duwatsu masu daraja, farashinmu babu na biyunsa, ga lambar WhatsApp. A ƙasa hotuna jingim. Bai ambaci sunana ba. Bai san masana'antar da na yi wa aiki ba ta taɓa sayen ko ɗaya daga cikin kayan nan ba. Bai ma lura na yi ritaya ba, alhali a rubuce yake a saman shafina. Washegari ya dawo: "Ranka ya daɗe, ka ga saƙona?" Kwana biyu bayan haka, alamar tambaya ita kaɗai.

Ɗana, wanda ya ce kaya tara yake sayarwa, mai saye ɗauka yake bai san ko ɗaya ba. Mai injin tatsar man riɗi a Turkiyya ko Japan tambayoyinsa a ƙidaye suke. Fari ne ko ja? Na Jigawa ne, ko na Binuwai da Nasarawa? Kashi nawa ne tsaftarsa, nawa ne danshinsa, nawa ne mansa? Tan nawa za ka iya haɗawa a wata ba tare da ka ba ni uzuri ba? Ta wace tashar ruwa zai fita, kuma kwana nawa daga sito zuwa jirgi? Saƙon da ya nuna ka san waɗannan tambayoyi bai wuce layi huɗu ba. Ka kira sunansa. Ka faɗi abin da ya sa ka nemo shi musamman, misali ka ga kamfaninsa ya ƙara sabon inji, ko ka karanta abin da ya rubuta kan ƙarancin kaya bana. Ka faɗi abu ɗaya da kake yi da inda kake yinsa. Sai ka yi shiru. Kada ka nemi a saya. In ya ga dama ya tambaye ka, to shi ya buɗe ƙofar ciniki, kai kuma ka shiga da mutuncinka.

Akwai kuma masu zarcewa ta ɗaya ɓangaren, kuma su nake ji wa tausayi, don tarbiyya ce ta ja musu. Su rubuta sallama ko "barka da yini" su tsaya jiran amsa, in an amsa su tambayi aiki, su tambayi iyali, sai a saƙo na biyar a zo kan magana. A gida haka aka koya muku, kuma daidai ne. Amma baƙon da ke Hambug, wanda saƙonni suka yi masa yawa tun safe, gaisuwar da ba ta zo da bayani ba shimfiɗar 'yan damfara yake ɗaukar ta, domin haka suke farawa. Ku haɗa gaisuwar da abin da ke tafe da ku a saƙo ɗaya. Ladabinku bai ragu ba.

Tunda na ambaci damfara, bari mu faɗa wa juna gaskiya. Lambar nan 419, wadda sashe ce a kundin dokar laifuka ta Najeriya, ta riga ku isa ƙasashen da kuke neman ciniki. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ba ku kuka kar zomon ba, amma rataya ta hau kanku, kuma fushi ba zai sauke ta ba. Hujja ce ke sauke ta. Lambar rajistarku ta hukumar CAC ta fito fili a shafi, don kowa zai iya bincika ta a intanet. In fitar da kaya kuke yi, ku nuna kuna da takardar hukumar NEPC. Adireshinku ya zama wanda za a iya samu a taswira, imel ɗinku ya ɗauki sunan kamfani. Hoton da ke shafinka ya zama fuskarka ce a fili, ba tambarin kamfani ko ƙofar mota ba. Ki yafe mini 'yata, ke ma haka. Da hijabinki da lulluɓinki babu mai cewa komai, amma hoton fure a madadin fuska ba ya sa a aiko da kuɗin kwantena.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne hoton aro. Yaro ya ɗauko hoton katafaren sito daga intanet, buhuna a jere har rufi, ya rubuta "ma'ajiyarmu". Bai san mai saye cikin minti ɗaya zai jefa hoton a Google ya ga na wani kamfani ne a Indiya ba. Daga nan an gama, kuma ba za a gaya maka dalili ba. Ƙaramin sitonka na haya a Dawanau, da buhu hamsin da ma'auni da leburori biyu suna tankaɗe, in ka ɗauka da wayarka kana magana a ciki, ya fi wancan daraja nesa ba kusa ba. Haka batun muƙami. Kamfani mai mutum biyu, ɗaya shugaban rukunin kamfanoni, ɗaya babban darakta na nahiyar Afirka. LinkedIn kuwa yana nuna adadin ma'aikatan da suka rataya sunan kamfani a shafinsu, ga shi nan ƙarara: biyu. Ka rubuta cewa kai ka kafa shi, kai kake tafiyar da shi, ya wadatar. Masu saye da yawa sun fi son ƙaramin da zai ɗaga waya da kansa.

Kada ku zaci a nan kaɗai ake wannan ha'inci. A 2022 masu bincike biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Renée DiResta da Josh Goldstein, sun bankaɗo shafuka fiye da 1,000 a LinkedIn waɗanda fuskokin da ke kansu kwamfuta ce ta ƙirƙira, babu mutanen a duniya. Da aka bi diddigi, akasarinsu ba 'yan leƙen asiri ba ne, 'yan talla ne da aka ɗauka haya don su farauto wa kamfanoni masu saye. Tun daga irin wannan tonon silili duk mai sayen da ya san ciwon kansa ya koyi duba fuska sau biyu. Cikin wannan zargi kuke shiga, don haka duk abin da zai nuna ku mutane ne masu jini a jika, ku riƙe shi da kyau.

Yanzu ga maganar da nake so ta zauna muku, ko da kun manta sauran. Mutumin da kuke yi wa talla yau, galibi bai zo saye ba. Farfesa John Dawes na cibiyar Ehrenberg-Bass da ke Adelaide a Ostireliya ya yi wannan lissafi a 2021, kuma mai sauƙi ne. Ya ce a ɗauka kamfani yakan canza bankinsa ko lauyoyinsa sau ɗaya a shekara biyar. Ke nan a shekara guda, ɗaya cikin biyar ne ke neman sabo. A wata uku kuwa, ɗaya cikin ashirin. Sauran goma sha tara suna da wanda suke hulɗa da shi, kuma hankalinsu a kwance yake. Ƙiyasi ne, kowace sana'a da nata zagayen, amma ni da na zauna a kujerar na san haka abin yake. A lokacin ina da mai kawo mini kwali, ina da mai kawo buhu, ina da mai gyaran janareto. Ko da zinare ka rubuta tallarka ba zan sallame su ranar Talata don kawai ka aiko saƙo ba.

Amma rana takan zo. Mai kawo kaya ya saɓa alkawari karo na uku, ko ya cakuɗa mai kyau da maras kyau, ko Allah ya yi masa rasuwa 'ya'ya suka kasa riƙe harkar. Manaja ya kira ni ya ce, "Malam, kafin Alhamis a samo mana wani." A wannan rana ba na zama in yi ta bincike. Sunaye biyu ko uku ne ke faɗo mini a rai, su nake kira, kuma kusan kullum a cikinsu ake gamawa. Duk wahalar da kuke sha a LinkedIn, in tana da amfani, amfaninta shi ne sunanku ya kasance cikin ukun nan ranar da ba ku san da zuwanta ba. Wanda ya yi wata biyu ya ce ba ciniki ya rufe shafi, ya tafi ne kafin a buɗe kasuwar. Wanda kuma ya dame ni da "ka ga saƙona", shi ma na tuna da shi, amma a jerin waɗanda ba zan kira ba.

To me za ku riƙa rubutawa tsawon wannan jira? Abin da kuka sani wanda mai saye bai sani ba, kuma yana bukata. Kuna raina abin da ke hannunku. A daminar 2023 cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, Kachia da kewaye, ta cinye amfanin da yawa, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ɗan kasuwar da ya tsaya a bakin gona a lokacin ya ɗauki ganyen da ya ƙone, ya rubuta layi biyar cewa bana kaya zai yi ƙaranci, masu bukata su yi shiri, ya yi wa mai saye a Dubai ko Rotadam alherin da ba zai manta ba, kuma bai sayar masa da komai ba. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, irin fiya-fiyar nan da ake zubawa a buhu don kashe ƙwaro. Riɗinmu ma ana tsananta masa bincike a iyakokinsu saboda ƙwayar cutar salmonela. Ke nan fargabar mai saye a bayyane take. Nuna masa yadda kake shanya a kan tamfol nesa da kaji da awaki, yadda kake adana wake a buhu mai toshe iska ba tare da magani ba, da takardar gwajin da ɗakin bincike ya ba ka. Faɗa masa yadda farashi ya kwana a Dawanau ko Maigatari wannan mako, da abin da ya motsa shi: saukar sabon kaya ne, ko tsadar dizal, ko canjin dala.

Na san abin da za ku ce: Baba, ai wannan sirrin kasuwa ne, abokan gasa za su kwashe. Farashin Dawanau ba sirri ba ne, duk mai kuɗin mota zai je ya ji. Sirrinka shi ne sunayen manomanka da dillalanka da ribar da kake ɗorawa, waɗannan ka rufe su ruf. Sauran kuwa, bayar da shi ne ke nuna kana da shi.

Wannan bai tsaya ga masu fitar da kaya ba. Mai haɗa wutar sola ya bayyana abin da ke kashe batir kafin lokacinsa a zafin Sakkwato. Mai tsara manhajar makarantu ya faɗi inda kuɗin makaranta ke zurarewa tsakanin rasit da banki. Mai duba littafin kuɗi ta warware wa ƙananan kamfanoni abin da sabuwar dokar haraji ke nema a wurinsu, da harshen da za su gane. Sau ɗaya a mako ya isa, in dai ba za a yanke ba. Kuma da bakinku za ku rubuta. Na ga kun koma ba wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira aikin gaba ɗaya, sai rubutun mutum ɗari ya fito da murya ɗaya, sumul, babu ƙurar sito ko ɗaya a jikinsa. Ku ba ta ta gyara muku nahawu, ba laifi. Amma labarin tirelar da ta kwana uku a Jeba da kayanku a ciki, ku kaɗai kuka san shi.

Akwai wata hikima ta kakanninku da ta dace da wurin nan ƙwarai. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna da Hausawan unguwar Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda cinikin shanu da goro ke gudana. Falke ya taso daga arewa da garke, bai san mahautan garin ba, su ma ba su san shi ba, kuma cinikin bashi ne. Abin da ke ɗaure shi shi ne maigida: shi ke saukar da baƙo, shi ke sa dillalansa su nemo mai saye, shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke ci, in kuma kuɗi ya maƙale wuyansa ne. Baƙo ba ya shiga kara ya hau shela shi kaɗai. LinkedIn a kan wannan aka gina shi. Duk shafin da ka buɗe zai nuna maka mutanen da kai da mai shafin kuka sani tare. Kafin ka rubuta wa baƙo, duba ko akwai wanda zai gabatar da kai. Layi biyu daga bakin wanda ya yarda da shi sun fi wasiƙarka ashirin. Wanda kuka gama ciniki lafiya da shi, ku roƙe shi ya rubuta shaida a shafinku da sunansa, akwai gurbin da aka tanada don haka. Ba roƙon banza ba ne, kuma yawanci ba sa ƙi.

Sai dai ku duba su wa kuka tara. In na leƙa jerin abokan wasunku, 'yan ajinsu ne na jami'a da abokan hidimar ƙasa, kowa na yi wa kowa tafi. Tun 1973 wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin sabuwar dama ya fi zuwa ta hannun wanda aka sani sama-sama, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. A 2022 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan masu amfani da LinkedIn kimanin miliyan 20, ya kuma ƙarfafa maganar. Kan samun aiki aka yi shi, amma mai neman ciniki ma ya sa kunne. Jami'in da kuka gaisa da shi sau ɗaya a bajekolin Kaduna, wakilin kamfanin jiragen ruwa, ma'aikaciyar bankin da ta buɗe muku asusun dala, irin waɗannan za ku nema. Kuma in sun yi rubutu, ku sa baki da abin da zai ƙara wa maganar, ba "madalla" kawai ba. Sau da yawa ta wurin tsokaci mai ma'ana a ƙarƙashin rubutun wani aka fara sanin mutum.

Na ji ma akwai zauruka a WhatsApp inda ake haɗa baki: in ɗaya ya wallafa, sauran su ruga su danna alamar yabo. Kanku kuke yaudara. Yabo ɗari uku daga mutanen da ba za su taɓa sayen buhu ɗaya ba, bai kai tambaya guda daga mai masana'anta ba. In za ku ƙirga, ku ƙirga mutum nawa suka nemi samfur, nawa suka nemi a yi waya.

Wani abin kuma, ku rage ɓuya a bayan shafin kamfani. Shafin ya kasance, a cika shi tsaf, don za a duba. Amma mutane da mutum suke son magana. Rubutun da ya fito da sunanka da fuskarka ya fi samun amsa a kan wanda ya fito daga tambari.

Amma fito da kai ba ya nufin zubar da kai. A watan Agustan 2022 shugaban wani kamfanin talla a Amurka, Braden Wallake, ya sallami ma'aikata, sai ya ɗauki hoton kansa yana hawaye ya ɗora a LinkedIn don a ga yadda abin ya taɓa shi. Duniya ta yi masa ca, aka ce waɗanda suka rasa abincinsu suna gefe, shi ya mai da kansa abin tausayi. Namu salon ya ɗan bambanta amma jirgi ɗaya ne: a kai buhun shinkafa gidan marayu, a jera yara a ɗauki hoto, a manna tambarin kamfani a kusurwa. Ku yi sadakarku tsakaninku da Allah, ku bar wa yaran nan fuskarsu. Rigimar siyasa da ta aƙida kuwa, ku bar ta inda kuka saba yin ta, in ma dole ne. Mai sayen da kuke nema wataƙila ɗan jam'iyyar da kuka zaga ne, kuma ba zai ce muku uffan ba, zai dai wuce. Barka da Juma'a da barka da Sallah ba su ɓata komai, amma shafin da babu komai a cikinsa sai su, bai gaya wa kowa abin da kuke sayarwa ba.

Za a zo muku da gajeriyar hanya. Wani zai ce yana da manhajar da za ta aika buƙatar zumunci ɗari-ɗari kuna barci, wani zai ce yana sayar da imel dubu goma na manajoji. Dokokin LinkedIn sun haramta irin waɗannan manhajoji, kuma suna rufe shafin da suka kama, sai zumuncin shekaru ya tafi a dare ɗaya. Batun bayanan mutane kuma ya wuce wasa. Turai tana da tsattsaurar doka a kai tun 2018, Najeriya ta sa hannu a tata a watan Yunin 2023. Mai wurin ma bai tsira ba: a 2015 LinkedIn ya amince ya biya dala miliyan 13 saboda saƙonnin tuni da ya riƙa aika wa mutane da sunan masu rajista, a watan Oktoban 2024 kuma hukumar kare bayanai ta Ayalan ta ci shi tarar yuro miliyan 310 kan yadda ya yi amfani da bayanan jama'a wajen talla. Tallar kuɗi kuwa halal ce, amma da dala ake lissafinta, mafi ƙaranci dala 10 a rana, kuma kowane dannawa ya fi na Facebook tsada. Wanda bai iya cewa ga muƙamin mutumin da nake nema, ga sana'arsa, ga ƙasarsa ba, ya adana kuɗinsa tukuna.

Wasunku ma ba nan ya kamata su kasance ba, kuma ba abin kunya ba ne. 'Yata mai turaren wuta da humra, ɗana mai shadda a Kantin Kwari, masu sayenku suna WhatsApp da Instagram da TikTok, can za ku sa ƙarfinku. LinkedIn na wanda kamfani ko hukuma ko ƙungiya ce abokin cinikinsa. Ko a cikin masu fitar da kaya sai an duba ƙasa. Sin tana cikin manyan masu sayen riɗinmu, amma LinkedIn ya rufe dandalinsa na can a 2021, ɗan abin da ya bari na neman aiki ma ya rufe shi a 2023. Mutanen can a WeChat suke harkarsu. Rasha ta toshe shi tun 2016. A Jamus akwai wani mai suna Xing da wasu ke amfani da shi har yanzu. Mai neman ciniki a Yamai ko Njamena ko Duwala kuma ya sani ana iya yi wa shafi kwafi na biyu da Faransanci; 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su yi nasu na biyun da Turanci.

Saura maganar riƙon shafin kansa. Da yawa daga cikinku, da harka ta ɗan buɗe, sai a miƙa wa wani yaro a ce ya riƙa kula da "soshiyal midiya". Yaron ya iya haɗa hoto, amma bai san tan nawa kwantena mai ƙafa 20 ke ɗauka ba. Mai saye ya yi tambaya ta gaske, sai a ba shi amsar "za mu tuntuɓe ka", ko a bar saƙon ya yi mako. Wanda manajansa ya ba shi zuwa Alhamis ba zai jira Litinin ba. Ku sa yaron ya yi ado, amma akwatin saƙo ya zauna a hannun wanda ya san kaya kuma yake da ikon faɗin farashi. Ku tuna da agogo: Japan tana gabanmu da awa 8, babban birnin Meziko, ƙasar da zoɓonmu ya fi zuwa, yana bayanmu da awa 7. Saƙon Tokyo da asuba za ku tarar da shi, kuma in kun bari sai bayan azahar, sun tashi daga aiki. Shafin kamfani kuma kada ya zama mutum ɗaya ne ke da ikon shiga. An sha ganin yaro ya yi fushi ya bar aiki ya tafi da shafi da mabiyansa, maigida ya dawo yana lallashi. Ku sa sunan mai kamfani a matsayin babban mai kula tun ranar farko, a ƙara wani amintacce na biyu.

In kuma ranar ta zo, aka tambaye ku tan 100 alhali 30 kuke iya haɗawa, ku ce 30. In samfur za ku aika, ku ɗebo daga cikin buhunan da za ku loda, kada ku zauna ku tsince na musamman. Ku rubuta ranar da zai isa, ku ƙara kwana biyu a kan lissafinku saboda halin hanya, ku aika masa lambar bin sawun kayan tun bai tambaya ba.